Sukuru Huɗu a Hannun Makara

Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi ake komawa. Kawu, yayan mahaifiyata, kafinta, ya koma a ƙarshen daminar nan, a gidansa na Liba, bayan ciwon da bai cika mako ba. Na daɗe ina jinkirin rubuta wani abu a kansa. Ina tsoron in sa masa maganar da bai yi ba, ko in gyara wadda ya yi har ta daina kama da shi. Saboda haka duk inda na ce "ina jin" ko "wataƙila", a yi mini uzuri. Iyakar abin da na tabbatar ke nan.

Kwana uku muka yi a zaure muna karɓar gaisuwa. Mutum zai shigo, a yi addu'a, a shafa, ya zauna yana kallon tabarma. Sai kuma ka ji ya ɗauko maganar ƙyaure, ko benci, ko akwati.

Wani direban motar albasa daga Aliero ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Bodin motata shi yaɗ ɗaura shi. Injin ya mutu sau biyu, katakon ko ƙara bai taɓa yi ba." Aka yi dariya kaɗan, sannan kowa ya tuna inda yake.

A cikin gida kuma wata tsohuwa ta zo tun daga Andarai. Ban gan ta ba, Inna mahaifiyata ce ta ba ni labari. Ta ce shekarar da mijinta ya rasu ƙyauren ɗakinta ya faɗi, tana jingina shi da turmi. Kawu ya biyo ta nan ranar kasuwa, ya ɗaura mata, ko ruwa bai tsaya sha ba. Da ya gama sai ya nuna mata kawunan sukurun ya ce, "Kin ga waɗanga tsagogi? Dut tsaye suke. Ranar da kin ga ɗaya ya kwanta, ki ɗauko cokali ki tashe shi da gindi nai. Ba sai kin nemi namiji ba." Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta fito da cokalin. Inna ta ce gindinsa duk ya murɗe.

Ita Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da na lura da shi, tana yawan tashi ta buɗe ƙyauren ɗakinta ta rufe, ba shiga take ba, ba fita take ba. Shi ma yayanta ne ya ɗaura shi.

Mutum ɗaya ne bai ba da labarin komai ba a zauren: tsohon mahaucin nan, abokin Kawu tun suna kiwon awaki tare, wanda teburinsa ke kusa da rumfar Kawu a Jega. Shi ya zo ya yi jinyarsa a kwanakin ƙarshe. Yana zaune a lungu da carbinsa, wani lokaci ya ɗago ya dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai. Mu biyu mun san wani abu da sauran ba su sani ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ga shi a taƙaice. Tun daga lokacin da labarin rasuwar ya same ni a Maiyama har na sauka daga babur a Liba, ba fuskar Kawu nake gani ba. Sukuru huɗu nake gani, waɗanda na ɗaura da hannuna a hannun gaba na makarar garinmu shekara uku da suka wuce. Na san biyu daga ciki ba su shige ba. A kan wannan makarar za a ɗauke shi, kuma ban san ko hannun zai riƙe ba.

Amma kafin in kai can, bari in nuna shi yadda na san shi.

Da rani a Jega yake zama, da damina ya koma Liba ya yi noma. Rumfarsa tana bayan layin masu albasa, ƙarƙashin wata darbejiya. In na rufe ido yanzu, hasken hantsi nake fara gani yana ratsa zanar rumfar, yana sauka a kan teburin aiki layi-layi, garin katako yana yawo a cikinsa a hankali kamar ba shi da niyyar sauka. Sai ƙanshin: ɗanyen katako, kananzir, da albasa daga maƙwabta. Ban tabbata ko rumfar ta kai girman da nake tunawa ba. Na je kwanan nan na tarar da ita 'yar ƙarama.

A kan wani katako a sama akwai gwangwanayen madara a jere, kowanne da irin sukurun da ke ciki. Ba ya yar da tsoho. In ya kwance wani abu, zai jiƙa sukurun a kananzir, ya kankare tsatsar, ya share tsagar da bakin reza, ya jefa shi a gwangwaninsa. Ya raba su gida biyu. Akwai mai kwantaccen kai, wanda ke nitsewa cikin katako har ya yi daidai da shi. Wannan na benci ne da kujera, domin kada ya kama wa mutum riga. Akwai mai kai kamar an kifa ƙoƙo, wanda ke zama a sama; wannan na kan ƙarfe ne. Amma dukkansu tsaga ɗaya gare su, miƙaƙƙiya, daga gefe zuwa gefe.

Sukudirebobinsa shi ya ƙera abinsa daga tsofaffin ƙarafan mota, ya yi musu ƙota da ƙirya. Ina jin shida ne, ko bakwai. Kowanne da girman tsagar da yake shiga. Kafin ya murɗa, sai ya gwada bakin a cikin tsagar ya girgiza. In ya ji motsi, ya ajiye ya ɗauko wani, ko ya ɗauko magagari ya gyara bakin.

"Baki shi cika tsaga," in ji shi. "In ya yi mata kaɗan, cin ta zai yi. In ya yi mata yawa, katako zai ci."

Ba ya sa sukuru sai ya fara huda wurin da wani ƙarfe mai tsini, sannan ya goga zaren a jikin guntun sabulu. Matarsa ta sha yin ƙorafi a kan wannan. "Sabulu na ƙarewa a gidanga kamar ana cin shi," take cewa, "amma ban ga wanda ya yi haske ba." Shi kuwa sai ya ce ƙyamaren gari duk sun yi wanka, ta yi haƙuri.

Abin da ya fi ƙi a duniya, bayan ƙarya, shi ne ya ga kafinta ya kafa sukuru ya bi shi da hama. Na taɓa ganin ya tsallaka titi don wannan. Ya tsaya a kan mutumin ya ce, "Malam, in ƙusa kaka so, ga ta can ana saidawa. Mi wanga bawan Allah yai maka?"

Sai kuma ɗabi'ar da kowa ya san shi da ita. In ya ɗaure sukuru, ba ya barinsa sai tsagar ta tsaya tsaye, sama da ƙasa, duk a jere kamar sahu. Na tambaye shi dalili, ya ce biyu ne. Tsagar da ke tsaye ruwa ba ya kwana a cikinta, gangarewa yake. Na biyu kuma, in duk suna tsaye, ranar da ɗaya ya saki zai karkata, ko mai wucewa zai gani.

A Liba ba ya yawo da sukudireba ko ɗaya. In an ce masa kafinta guda babu kayan aiki a aljihu, sai ya ce, "Wane gida na babu wuƙa?"

Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Kebbi na gama jami'a a Sakkwato. Ilimin ƙasa na karanta, taswira da ruwan sama da duwatsu, amma tun ranar da na dawo Kawu ya sa mini suna Injiniya, gari kuma ya ɗauka. Da tsokana yake faɗa, ni ma na sani, amma ina jin daɗi. Lokacin manyan motoci na ta ratsa Jega zuwa Birnin Kebbi ɗauke da teburori da kabad-kabad na sababbin ofisoshi. Mukan tsaya a bakin titi muna kallo, kowa na jin kamar nasa rabon na cikin mota ta gaba. Duk kayan nan da sabon irin sukuru aka haɗa su, mai rami kamar tauraro a ka, wanda ake kira sita.

Na sayo masa tsaraba: ƙunshin sukurun sita da sukudireba ɗaya mai jar ƙota ta roba. Na kai masa rumfa ina ta bayani. Na ce wannan ba ya zamewa, ya fi sauri, shi duniya ke yayi.

Dole in yi masa adalci, bai raina ba. Ya ɗauko guntun katako, ya huda, ya shafa sabulu, ya murɗa. Ya sake ɗaukar wani ya murɗa da hannu ɗaya.

"Gaskiyarka," ya ce. "Shina riƙe baki. Ba ya zamewa shi yanke ka, ba ya karce katako. Wanda yay yi wanga ya yi tunani."

Mahauci ya leƙo daga teburinsa. "To ka ji, tsoho. Jiha ta zo, sukuru ma ya yi digiri. Sai ka tattara gwangwanayenka."

"Kai dai ka ji da ƙudajenka," in ji Kawu.

Sannan ya yi wani abu da ban gane ba a lokacin. Ya ɗauko wani katako, ya ɗaura sita ɗaya, mai tsaga ɗaya, da wani mai rami mai kusurwa shida da ya ciro daga tsohon injin ban ruwa, irin wanda ake kwancewa da ɗan lanƙwasasshen makullin nan, alanki. Ya rataye katakon a jikin darbejiyar, a waje. Ya ce in tuna masa bayan kaka.

Ni na manta, shi bai manta ba. Da aka gama girbi ya dawo Jega, ya aika aka kira ni. Duk ukun sun yi tsatsa. Ya ce wa mahauci ya ara masa 'yar wuƙar aljihunsa. Ya kankare tsagar sau biyu, ya sa bakin wuƙar, ya murɗa, sukurun ya juya. Ya miƙo mini wuƙar ya ce in gwada sauran. Ramin sitan ya cika da tsatsa da ƙasa, bakin wuƙa ba ya kaiwa cikin lungunansa. Na alankin kuwa ko wurin kamawa babu.

"Ban ce mugun abu ba na," ya ce. "Rediyo, fanka, kabad na cikin ɗaki, sa masu sita. Injin, sa mai alanki, bakanike na da makulli nai. Amma abin da zai kwana waje a ƙauye, ka sa mai wanda tsohuwa za ta iya ɗaurewa da cokali."

Ya mayar mini da ƙunshin da jar sukudirebar. Ya ce in ajiye, za su yi mini amfani a ofis. Ina jin da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ni dai a ranar ji na yi an mayar mini da tsarabata a gaban mahauci.

Har yau ba zan ce kafintocin da suka koma sita sun yi kuskure ba. Na ga aikinsu, yana da kyau, yana da sauri. Wataƙila da Kawu a birni ya tashi, da shi ma ya koma. Amma shi in yana aiki, ba ranar ɗaurawa yake tunani ba. Ranar da abin zai saki yake tunani, da wanda zai kasance a wurin.

Makarar Liba shi ya yi ta tun ina ƙarami, bai karɓi komai ba. Dogayen katakai biyu ne da 'yan gajeru a tsakani, tana jingine a bayan masallaci ƙarƙashin ɗan kwano. Kowace shekara kafin ruwan farko zai je ya duba ta shi kaɗai.

Shekarar da na samu aiki a Maiyama, babur ya kayar da shi a hanyar Jega, hannunsa na dama ya karye. Aka kai shi Aliero wurin masu ɗori, ya yi makonni a can. Ana cikin haka aka yi rasuwa a Liba, kuma a hanyar dawowa daga maƙabarta aka ga hannun makarar na gaba, na dama, ya tsage. Liman ya dube ni ya ce, "Ga Injiniya nan, ai jinin Malam na."

Da na ce ban iya ba, da shi ke nan. Ban ce ba. Na samo guntun ƙarfe mai huda huɗu, na ɗora a kan tsagewar, na ɗauko ƙunshin nan nawa na sita. Na tuna cewa a kan ƙarfe mai kan ƙoƙo ake sawa, na zaɓi huɗu irinsu. Amma ban huda katakon sosai ba, sabulu kuwa ko tunawa ban yi ba. Katakon tsoho ne, ya bushe ya yi tauri. Biyu suka shige da ƙyar. Sauran biyun suka tsaya a hanya, na danna, na murɗa, sukudirebar ta riƙa tsalle tana cin ramin. Ashe ta yi musu kaɗan. Ban ma san sita ma girma-girma ba ne. Kafin in farga ramukan sun zama kamar an ƙwaƙule su. Ba gaba, ba baya. Na girgiza hannun na ji ya riƙe, na mayar da makarar na jingine. Liman ya sa mini albarka. Ban gaya masa komai ba.

Ranar da Kawu ya dawo, hannunsa ɗaure da karare, rataye a wuya, bayan la'asar ya zagaya bayan masallaci. Mutane suka bi shi suna yi masa barka da arziki. Ya tsuguna, ya shafa ƙarfen da babban yatsansa na hagu.

"Wa yay yi wanga?"

"Injiniya," in ji Liman, da fara'arsa.

"Injiniya, matso." Na matsa. "Ƙarfen ya zauna inda ya kamata. Amma gaya mani, ranar da wanga hannu ya saki, ga mutum kwance, ga rana na yi, wa za a aika Jega shi sayo sita? Kai kana Maiyama, kana ofis. Waɗanga biyu ma ka cinye masu kai."

Bai ɗaga murya ba. Amma akwai mutane, har da waɗanda ke gaishe ni da girmamawa tun da na fara aiki. Na ce, "Kawu, duniya ta ci gaba. Ba laifin sukuru ba ne in mutum bai iya abin zamani ba."

Na rubuta ta yadda na faɗe ta. Na so in sassauta, na ga bai kamata ba.

Kawu ya dubi hannunsa da ke ɗaure, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe ya ce, "To. Allah shi ba mu iyawa." Ya wuce gida.

Ba mu yi gaba ba. Ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar aiki, yana aiko mini da gero bayan girbi. Abu ɗaya ne ya canza: ya daina kirana Injiniya. Sunana na yanka yake kira, a natse, kamar baƙo. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar tsokana haka ba.

Kullum ina da niyyar in je in gyara, in kuma ba shi haƙuri. Jar sukudirebar tana cikin durowar teburina, in na buɗe neman biro sai ta mirgino. Sai in ce ranar Juma'a. In Juma'a ta zo in ce bari in fara tambayar yadda ake cire sukurun da kansa ya cinye. Sau biyu na kama hanyar bayan masallacin, na juyo kafin in kai kwana. In an yi rasuwa a Liba, sai in iso bayan an dawo, ko in tsaya a ƙarshen sahu inda ba na ganin hannun gaba. Tambayata ta farko kullum ita ce, "An kai lafiya?" Mutane suna ɗauka tausayi ne. Damina uku ta wuce a haka, ina lissafa ruwan da ke sauka a kan ƙarfen nan.

Da aka ce mini ba shi da lafiya, na ce ranar Juma'a zan zo. Ya rasu ranar Laraba da hantsi.

Ɗan saƙo ya same ni a ofis. Na yi salati, na buɗe durowa, na sa sukudirebar a aljihu, ban ma san na yi ba. Hanyar Liba ranar kamar a mafarki na bi ta. Gero ya nuna, dawa ta sunkuyar da kai, sama ta yi fari fat, ƙarar babur ɗin kamar daga nesa take zuwa. Ina ta ganin abu ɗaya yana maimaituwa: mutane huɗu sun ɗaga, an yi taku goma, hannun ya ɓalle, farin likkafani ya zame. Sai in rufe ido, in buɗe, ya sake farawa.

Da na sauka ana yi masa wanka a ciki. Ban shiga ba. Na zagaya bayan masallaci, wannan karon ban tsaya a kwana ba. An riga an kwantar da makarar a ƙasa, mahauci yana tsugune yana goge ta da tsumma.

"Baba," na ce, "hannun nan na gaba..."

Ya matsa gefe.

Na durƙusa. Ƙarfena yana nan. Sukuruna huɗu suna nan, na gane su, har ana iya ganin inuwar tauraron a tsakiyar kowanne. Amma an bi kan kowane ɗaya da zarton ƙarfe, an yanka masa tsaga guda, miƙaƙƙiya, mai tsafta. Biyun da suka tsaya a hanya sun shige har ƙarshe. Uku tsagarsu na tsaye. Na huɗun, na ƙasa, ya ɗan karkata.

Na ciro jar sukudirebar, na sa. Ta yi ta juyawa a banza, ba abin da za ta kama. Kayan Kawu kuma suna can Jega a kulle.

Mahauci ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini 'yar wuƙarsa, wadda tsininta ya daɗe da dakushewa. Na sa bakinta a tsagar. Ta zauna. Na murɗa a hankali, na ji katakon ya karɓa, na ƙara kaɗan har tsagar ta miƙe ta shiga sahun 'yan'uwanta. Na kama hannun makarar na jijjiga da duk ƙarfina. Ko motsi.

"Yaushe?" na ce.

"Kwana huɗu bayan maganarku. Ni yas sa na ɗauko mai zarto daga Jega. Ni ar riƙe da makara, shi shina yanka da hannun hagu, shina zufa, shina zagina wai ina motsi. Tun hantsi har azahar, sukuru huɗu."

Na shafa tsagogin da yatsana.

"Nac ce mai, kai tsoho, mi za ka wahal da kanka? Mu fasa su mu fitar, ka sa naka. Yac ce a'a." Mahauci ya ninke tsumman, ya sake ninkewa. "Yac ce, 'Na Injiniya na. Ƙarfe nai ya zauna daidai, baki kawai ab babu. In na cire, ranar da yaz zo dubawa zai tarar babu nashi.'"

"Ya ce zan zo?"

"Kullum. Shekarar farko yac ce kana zuwa. Ta biyu yac ce aiki ya yi maka yawa. Bana da ya duba ta kafin ruwa, yac ce mani kada in gaya maka, wai ka fi son ka gano abu da kanka." Ya karɓi wuƙarsa, ya share ta a gefen riga. "To ga shi ka zo. Tashi, sun fito."

Da aka idar da salla aka zo ɗauka, ban tsaya a baya ba. Na kama hannun gaba na dama. Al'ada ce a riƙa karɓar juna a hanya don kowa ya samu lada, kuma mutane sun matso sun miƙo hannu, amma ina jin sun ga wani abu a fuskata, suka koma sauran hannuwan. Tafin hannuna yana kan ƙarfen tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Ina jin kawunan sukurun huɗu suna danna mini fata. Bai yi nauyi ba. Ban san ya rame haka ba.

Da muka dawo na buɗe hannuna, na ga shaidarsu a tafina, 'yan layuka huɗu a tsaye. Kafin magariba sun ɓace.

Tun daga lokacin na kamu da wata ɗabi'a. In ina tafiya a Jega, ko na je Aliero, ko a cikin Maiyama, idona na kan ƙyamare da bencuna da tagogin shaguna. Mafi yawa yanzu sita ne, wasu ma an buga su da hama. Amma can sai in ci karo da hinjin ƙofa mai tsagogi a tsaye, duk a jere, sai in tsaya kamar wanda aka kira sunansa. Na gan su a bencin wani mai shayi, a akwatin wani tela, a ƙofar wani masallacin gefen hanya da ban taɓa sanin ya je ba. Ba zan rantse duk nasa ba ne. Wataƙila wasu sun koya daga gare shi. Ko hakan ne ma, ina ganin nasa ne.

Ban samu na ba shi haƙuri da bakina ba, kuma wannan ba abin da zai gyara shi. Abin da nake da shi kawai shi ne ya riga ya amsa tun kafin in tambaya, da hannun hagu, ya ajiye mini amsar a bayan masallaci, ta yi shekara uku tana jirana.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ƙofar da zai tarar a can ta buɗe masa ba tare da ƙara ba. Allah Ya ba Inna da matarsa da tsohon abokinsa haƙuri. Duk wanda Kawu ya taɓa ɗaura wa ƙyaure, ina roƙonsa in ya koma gida ya duba. In ya ga ɗaya ya kwanta, ya ɗauko wuƙa ko cokali ya tashe shi, ya yi masa addu'a yana murɗawa.

Jar sukudirebar na bar wa Inna, tana buɗe bayan rediyonta da ita. Ni kuma na sayi 'yar wuƙar aljihu. Ranar Juma'ar da ta wuce na zagaya bayan masallaci. Duk huɗun suna tsaye.